Yadda ake kwalliyar mata a fuskar da gemu ke tsiro

Kusan duk wanda ya zauna gaban madubi karo na farko da niyyar ba fuskarsa kamannin mace, da ido yake farawa. Ya sayo aishado, wato hodar fatar ido, kala goma sha biyu da gashin ido na kanti, ya ɓata awa guda yana fama da layin gazal, sannan ya ɗago ya tarar fuskar tana nan yadda take, fenti kawai ta sha. Hannunsa bai yi laifi ba, daga rufi ya fara gini. Abin da idon mutane ke fara kamawa a fuska, tun kafin su lura da launin fatar ido, abu uku ne: duhun gemu da ke leƙowa ta ƙarƙashin fata, siffar gira, da kusurwar muƙamuƙi. Wanda ya shawo kan waɗannan ya gama fiye da rabin aiki.

Daga nan zan riƙa cewa "ki", tunda kamannin da ake nema ke nan, ko don rayuwar yau da kullum ake nemansa ko don dandalin wasan kwaikwayo. Bambancin biyun yana da muhimmanci. A Ingila, kafin 1660, maza ne ke fitowa a matsayin mata a dandali, a Japan kuma tun da aka hana mata wasan kabuki a 1629 maza suka gaji wannan aiki. Dabaru da dama daga dandali suka fito, amma an ƙirƙire su ne don mai kallo daga nesa, ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Wanda zai zauna kusa da ke, tazarar hannu ɗaya, duk wani kaurin hoda zai gani. Wannan bayani na kwalliyar kusa ne, kuma ƙa'idarta ita ce a sa kaɗan, a duba, sannan a ƙara.

Kayan farko

Kada ki cika jaka. Reza mai kaifi da man aski, man shafawa marar maiƙo, firaima da ake fara shafawa kafin sauran kaya, kwarekta mai gyara launi, fandeshan mai daidaita launin fuska, konsila mai rufe tabo, hoda marar launi, soson kwalliya, burushi biyu ko uku, jagira, maskara, jan baki da fensirinsa, sai abin goge kwalliya. Sun isa wata uku na koyo.

Fandeshan ne ke buƙatar natsuwa wajen zaɓe. Ba a gwada shi a bayan hannu, domin launin hannu daban yake da na fuska. A ja layi uku na launuka masu kusanci a gefen muƙamuƙi, a jira kamar minti goma saboda wasu kan ƙara duhu bayan sun sha iska, sannan a duba da hasken rana. Wanda ya ɓace cikin fata shi ne naki. A da masu duhun fata suna shan wahalar samun launinsu, amma tun da Fenty Beauty ya fito da launi 40 a 2017 sauran kamfanoni suka faɗaɗa nasu. Idan gemun mai kauri ne sosai, kayan da aka yi don rufe tabo ko don 'yan wasa, irin na Dermablend da Kryolan, sun fi rufewa da ɗan kaɗan. Kowane sabon abu kuma, a ɗan shafa shi a bayan kunne a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Idan ya yi ƙaiƙayi ko ja, a rabu da shi.

Aski

Kwalliyar daga reza take farawa. Ki jiƙa fuska da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku don gashin ya yi laushi, ki shafa man aski, ki bi da reza ta inda gashin ya kwanta. Ki sake shafa mai, ki bi a gicciye. Askin da ke tafiya gaba da kwanciyar gashi shi ya fi sulɓi, amma ga mai murɗaɗɗen gashi shi ne ke jawo ƙurajen aski, inda gashin ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Ƙurji kuwa ya fi duhun gemu wuyar ɓoyewa, domin launi ake iya rufewa, tudu ba ya rufuwa. Idan fatarki mai yin ƙuraje ce, ki tsaya a zagaye biyun farko.

Ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki shafa mai marar giya a ciki, ki ba fatar minti goma sha biyar zuwa ashirin ta huce. Idan kin yanke, kada kwalliya ta hau wurin sai jinin ya tsaya ya bushe. Lokacin askin ma abin lura ne: mai fita da yamma ba ta aski da asuba. A yi shi dab da zama gaban madubi. Bayan man ya shige, a ɗan shafa firaima a wurin gemu, a hanci da goshi, don ta cike ƙananan ramukan fata ta riƙe abin da zai biyo baya.

Rufe duhun gemu

Nan ne zuciyar aikin. Ko an yi aski mai kyau, tushen gashin yana nan cikin fata, kuma ta cikin fatar yana bayyana kamar shuɗi ko ruwan toka. Idan aka ɗora fandeshan kai tsaye, ba ya kashe shuɗin, sai ya mayar da wurin kamar an barbaɗa toka. Mai koyo sai ta ƙara wani, ta ƙara wani, har haɓa ta zama kamar an yi mata yaɓe, toka kuma tana nan tana leƙe.

Maganin launi ne. Shuɗi da ruwan lemo kishiyoyi ne, idan suka haɗu suna kashe juna. Saboda haka ake fara shafa kwarekta mai ɗumin launi a kan duhun. Mai farar fata za ta ɗauki ruwan lemo mai haske da ya karkata zuwa ruwan hoda. Mai wankan tarwaɗa, ruwan lemo sosai. Mai duhun fata, ruwan lemo mai ja, kusan launin jan bulo. Idan babu kwarekta, jan baki marar ƙyalli mai irin wannan launi yana yin aikin, sai dai ya fi saurin zamewa. A fata mai duhu sosai inuwar gemun ba ta cika fitowa ba, abin da ke fitowa shi ne tabon tsofaffin ƙuraje, don haka a nan ɗigo-ɗigo ake yi a kan tabon kawai.

Ki ɗebo ɗan kaɗan da yatsa ko ƙaramin burushi, ki riƙa dangwalawa a inda duhun yake: saman leɓe, ƙasan leɓe, haɓa, gefen muƙamuƙi har wurin saje, da ƙarƙashin haɓa idan gashin ya sauka can. Dangwalawa, ban da gogawa. Gogawa tana kwashe launin daga inda ake buƙatarsa ta kai shi kunci. Kada ki tsorata da abin da za ki gani a madubi a wannan lokaci, kowa kamar ya ci manja yake. Ki ɗauki hoda kaɗan a burushi ki danna a kai don ta kulle kwarektan, ki jira minti ɗaya.

Yanzu fandeshan. Ki jiƙa soso, ki matse shi har ya daina ɗiga, ki ɗebo fandeshan daga bayan hannu ki riƙa dannawa a wurin gemu. Nan ma ban da ja. A sauran fuskar, goshi da kunci da hanci, ɗan abin da ya rage a soson ya isa, domin wurin da ba shi da abin ɓoyewa gara a bar fatarsa tana numfashi. Wannan bambancin kauri shi ke sa fuska ta yi kama da fata maimakon abin rufe fuska. Ki sauke launin zuwa wuya har iyakar ta ɓace.

Sai ki karanta sakamakon. Idan ruwan lemo yana leƙowa, kwarekta ta yi yawa ko ta yi ƙarfi. Idan toka ce ke leƙowa, ta yi kaɗan. Da wuya a dace a ranar farko, kuma ba a gyara shi da ƙarin fandeshan. Gara a goge wurin a sake. Saman leɓe ne ya fi taurin kai, domin gashinsa ya fi cunkushewa, ga gumi ga motsin baki, don haka shi kaɗai za a iya ba zagaye na biyu na konsila mai launin fata.

Konsila mai haske da mataki ɗaya ko biyu tana zuwa ƙarƙashin ido. Bayanta hoda. A wurin gemu ki danna hodar da ɗan yawa, ki bar ta minti uku zuwa biyar ɗumin jiki ya kama ta, sannan ki kakkaɓe da burushi. Wani abu da na koya da kunya: wasu fararen hodoji suna mayar da hasken filashin kyamara. Na taɓa yi wa wata kwalliya da na yi alfahari da ita, da hotuna suka fito haɓarta fari fat kamar ta faɗa cikin gari. Tun daga ranar nake ɗaukar hoto da filashi kafin kowa ya tashi daga kujerata.

Sassauta ƙashin fuska

A galibi fuskar namiji tana da ƙashin gira da ya turo gaba, muƙamuƙi mai kusurwa, haɓa mai faɗi, da layin gashin goshi da ya ja baya a gefe biyu. Ta mace ta fi zagaye, kuncinta ya fi cika. Kwantuwa wasa ce da inuwa: abin da aka yi wa duhu yana ja da baya, abin da aka haskaka yana matsowa.

A nan ne bidiyoyin intanet ke ɓatar da mutane. Yawancinsu an yi su ne don mata masu zagayayyar fuska da ke son ƙashi ya fito, shi ya sa suke jan dogon layi mai duhu a ƙarƙashin kunci. Ke akasin haka kike nema. Idan kika rarake kunci, kin ƙara wa fuskar kusurwa. Ki bar wurin, ko ki taɓa shi kaɗan ƙwarai kusa da kunne.

Ki ɗauki launi marar ƙyalli da ya fi fatarki duhu da mataki ɗaya ko biyu. Ki shafa a kan kusurwar muƙamuƙi, can ƙasan kunne inda ƙashin ya karya, ki baje shi zuwa wuya. Ki taɓa gefe biyu na haɓa don ta tsuke, da kusurwoyin goshi inda gashi ya ja baya don goshin ya zagaye. Hanci kuma siririn layi biyu a gefen karansa, a baje su har su zama inuwa. Duk layin da ido zai iya nuna farkonsa da ƙarshensa bai baju ba. Maƙogwaro idan ya fito, ɗan duhu kaɗan a kan tudun ya isa, fiye da haka jawo ido yake yi.

Jan kunci shi ne abin da masu koyo suka fi rainawa, alhali yana cikin abubuwan da suka fi sauya fuska. Ki yi murmushi, ki sa shi a tudun kuncin, ki ja shi sama zuwa gefen ido. Hoda mai ƙyalli kuma saman kunci kawai. Kada ta taɓa ƙashin gira, kada ta kusanci wurin gemu, domin ƙyalli yana tona duk wani gurzaren fata.

Gira

Girar namiji takan kwanta ƙasa, miƙaƙƙiya, mai kauri. Ana son a buɗe fili tsakaninta da ido. Ki ɗora fensir a gefen hanci ya miƙe sama, nan ne farkon gira. Ki karkata shi ya bi ta gefen ƙwayar ido na waje, nan ne ƙololuwar lanƙwasa. Ki ƙara karkatawa ya bi ta kusurwar ido, nan ne wutsiya. Tsigewa daga ƙasa ake yi, musamman daga ƙololuwa zuwa wutsiya, sai tsakanin girar biyu. Ki cire gashi uku ko huɗu, ki ja baya ki duba duka fuskar, sannan ki ci gaba. Madubin da ke ƙara girma mayaudari ne, yana sa a yi ta cirewa, gashin gira kuwa yana ɗaukar makonni ko watanni kafin ya dawo. Idan da hali, a bar gwani ya fitar da siffar farko, ke kuma ki riƙa bin sawu.

Wadda yanayinta bai ba ta damar sauya gira ta dindindin ba tana da mafita: a taje gashin sama, a rage tsawonsa da ƙaramin almakashi, a kwantar da shi da man gira, a ja konsila mai haske a ƙarƙashin wutsiya don ta yi kamar ta ɗaga. Da jagira kuma gajerun zane ake yi kamar gashi, farkon girar ya fi haske, wutsiya ta fi duhu.

Ido

Saboda ƙashin gira, idon yakan zauna a cikin inuwa, don haka baƙin aishado a fatar ido yana ƙara tura shi ciki. Ki sa launi mai haske a kan fatar, ki ɗauki ruwan ƙasa matsakaici ki shafa shi ɗan sama da lanƙwasar ido, idonki a buɗe kina kallon madubi kai tsaye. Idan kika yi da ido a rufe, da kin buɗe launin zai shige cikin ninki ya ɓace.

Ki fara da gazal na fensir, na ruwa sai hannu ya faɗa. Ki dafa gwiwar hannu a tebur, ki yi ɗigo-ɗigo a gindin gashin ido na sama, ki haɗa su. Siriri daga ciki, ya ɗan yi kauri a waje. Idan kina son wutsiya, ki bi layin fatar ido ta ƙasa kamar zai ci gaba zuwa ƙarshen gira. Kada ki zagaye idon duka da baƙi, ƙanƙantar da shi yake yi. Ki lanƙwasa gashin ido da abin matsewa, ki sa maskara daga gindi kina ɗan kaɗawa zuwa sama, sau biyu. Gashin ido na kanti a bar shi sai an saba, kuma a duba gam ɗinsa, wasu na da roba da ke tayar wa mutane da borin jini.

Ido ba wurin ganganci ba ne. Maskara ana jefar da ita bayan wata uku da buɗewa, ba a aron ta, ba a ƙara mata ruwa idan ta bushe. Kwallin gari da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya ɗauke da darma, wadda guba ce, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana shigo da irinsa. Mai sa gilashin cikin ido ta sa shi kafin kwalliya, ta cire shi kafin gogewa.

Leɓe

Leɓen namiji yakan fi siriri, tazarar hanci da leɓen sama kuma ta fi tsawo. Da fensir mai kusan launin leɓenki, ki zana tsakiyar leɓen sama ɗan waje da layinsa, kamar milimita ɗaya, haka ma tsakiyar na ƙasa, amma da kin nufi kusurwoyi ki koma kan layin asali. Wanda ya wuce layi har kusurwa ya zama ɗan wasan barkwanci. Ki cike da jan baki, ki ɗiga mai sheƙi a tsakiya. Launi mai duhu marar sheƙi yana tsuke leɓe, ja mai ƙarfi kuma yana kiran ido zuwa saman leɓe, wurin da aka fi fama da shi. Har sai rufin gemunki ya zauna, launuka masu laushi sun fi rufa asiri.

A ƙarshe a fesa ruwan kulle kwalliya daga tazarar kamu ɗaya ko fiye, a bar shi ya bushe da kansa.

Bayan an fita, da bayan an dawo

Idan maiƙo ko gumi ya taso, ki danna takarda mai laushi ta tsotse shi tukuna, sannan hoda kaɗan. Hoda a kan maiƙo taɓo take zama. Bayan wasu awanni gashi zai fara tsirowa, kowa da saurin nasa, kuma babu hodar da ke ɓoye shi idan ya huda. Ki lura da awa nawa naki ke ɗauka, ki tsara fitarki a kai. Idan ranar doguwa ce, hanya ɗaya ce: a wanke ƙasan fuska, a sake aski, a sake rufi.

Kada ki kwana da kwalliya, ballantana wannan mai kauri a kan fatar da reza ta bi. Ki narkar da ita da mai ko ruwan gogewa, ki wanke da sabulun fuska mai laushi, ki shafa mai. Soso a wanke shi duk bayan amfani, burushi sau ɗaya a mako. Fata kuma tana son hutu daga reza kwana ɗaya ko biyu idan da hali.

Wajen koyo, kada ki yi duka fuska kullum. Mako guda a kan rufe gemu kaɗai, mako na gaba gira, sannan ido. Lokacin da ya fi dacewa shi ne dab da wanka, babu inda za ki, kuskure kuma ruwa zai tafi da shi. Ki ɗauki hoto kusa da taga, ta gaba da ta gefe, domin madubi yana nuna abin da kike so ki gani, hoto kuwa ba ya kara. Kowane zama ki sauya abu ɗaya tak, don ki san abin da ya kawo bambanci.

Wadda za ta riƙa yin wannan kullum, ko ba jima ko ba daɗe za ta yi tunanin raba kanta da gemun. Magungunan sinadaran jiki, wato homon, suna iya rage saurin tsirowarsa amma ba sa kawar da shi. Leza, wato hasken na'ura mai ƙona tushen gashi, tana aiki a kan baƙin gashi, ba ta kama furfura, kuma ga mai duhun fata nau'in lezar da ake kira Nd:YAG ne ya fi aminci daga ƙuna da tabo. Akwai kuma kashe tushen gashi ɗaya bayan ɗaya da siririyar allurar lantarki, wadda ke aiki a kowane launin gashi amma tana cin lokaci. Dukansu zama da yawa suke buƙata a hannun ƙwararre, kuma mai shirin leza ta ci gaba da reza tsakanin zama, kada ta tsige gemun, domin tushen da ke cikin fata shi hasken ke nema.